Nana Asma'u 'Yar Shehu (1793–1864): Malama Abar Koyi

1.0 Gabatarwa

Ɗalibi yakan manta da yawa daga cikin abin da malaminsa ya faɗa a aji, amma da wuya ya manta da halin malamin. Yakan tuna yadda yake amsa tambaya, da yadda yake bi da yaron da bai gane darasi ba, da kuma ko aikinsa yana gaskata maganarsa. Wannan ne ya sa masana ilimin koyarwa suka daɗe suna nazarin abubuwa guda biyu. Na farko shi ne tsarin koyarwa, wato hanyar da ake bi a shirya ilimi a isar da shi ga mai nema. Na biyu kuwa shi ne abin koyi, wato mutumin da ɗalibi yake kallo yana son ya zama kamarsa. A tarihin ƙasar Hausa da wuya a sami wanda ya haɗa waɗannan abubuwa biyu kamar Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Wannan babi zai kawo tarihin rayuwarta, tare da mayar da hankali a kan yadda ta kai ilimi ga matan karkara ta hannun mata 'yan'uwansu.

2.0 Asalinta da Tasowarta

An haifi Nana Asma'u a garin Ɗagel ta ƙasar Gobir a shekarar 1793. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754–1817), mahaifiyarta kuma Maimuna. Tagwaye aka haife su ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da an raɗa mata sunan tagwaye, amma sai mahaifinta ya sanya mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta guzuri a lokacin hijira. Ke nan tun ranar suna an ajiye mata wadda za ta yi koyi da ita.

Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, saboda haka ta tashi a hannun matan Shehu, musamman A'isha da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello. Gidan da ta tashi gidan karatu ne na maza da mata. Kakanninta mata malamai ne, haka ma yayarta Hadiza. A nan ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da hadisi da nahawu, ta kuma sami tarbiyyar sufanci bisa ɗarikar Ƙadiriyya. Ta iya harsuna huɗu: Larabci da Fulatanci da Hausa da Azbinanci.

Matsayin Shehu game da ilimin mata ya yi tasiri ƙwarai a rayuwarta. A cikin littafinsa *Nurul Albabi* ya zargi malaman da suke tara ɗalibai a waje suna koyar da su don neman suna, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Tun kafin a haife ta ma, a lokacin da yake wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malami mai suna Mustafa Goni ya soke shi a kan barin mata suna halartar majalisinsa. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa cikin waƙa, inda ya nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi fitowarsu neman sani muni. A kan wannan fahimta Asma'u ta tashi, kuma a kanta ta gina aikinta.

3.0 Hijira da Jihadi da Aure

Tana da kimanin shekara 11 Shehu da jama'arsa suka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Daga nan aka shiga shekarun yaƙi. An yi nasara a Tafkin Kwatto a shekarar 1804, aka sha wuya a Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar, inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada, aka sake jin jiki a Alwasa a 1805, kafin a ci Alƙalawa babban birnin Gobir a 1808. Asma'u ta ga yunwa da ƙaura da mutuwa da idonta, ta kuma ga yadda mata suka riƙe marayu da majinyata a cikin wannan hali. Waɗannan abubuwa sun fito fili daga baya a cikin waƙoƙinta.

A shekarar 1807 aka aurar da ita ga Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Muhammadu Bello, wanda ya zama Wazirin Sakkwato bayan Bello ya gaji Shehu a 1817. Giɗaɗo shi ma malami ne kuma marubuci. Shi ne ya karɓi baƙuncin Baturen nan matafiyi Kilafaton, wanda ya zo Sakkwato a 1824, ya sake dawowa ya rasu a can a 1827. Allah ya albarkaci auren da 'ya'ya maza, cikinsu har da Abdulƙadir wanda ya gaji mahaifinsa a sarautar Waziri. Zama a gidan Waziri ya ba ta damar sanin halin da daula take ciki, domin nan ne matattarar wasiƙu da baƙi da littattafai. Ita da mijinta sun yi aikin tattara rubuce-rubucen Shehu da na Bello da adana tarihinsu.

4.0 Rubuce-rubucenta

Ayyukanta da suka iso hannun masana sun kai kimanin 60, cikin Larabci da Fulatanci da Hausa, dukkansu da baƙaƙen Larabci. Na farko da aka sani shi ne *Tanbihul Gafilina*, wanda ta rubuta da Larabci a 1820, tana da shekara 27. Abin lura a nan shi ne yadda take zaɓen harshe gwargwadon wanda take yi wa magana. Larabci na malamai ne, da shi ta yi waƙar maraba ga wani malami ɗan ƙasar Shingiɗi, wato Muritaniya ta yau, wanda ya sauka Sakkwato. Fulatanci na dangi ne da jama'ar Shehu ta farko. Hausa kuwa ita ce harshen mafi yawan talakawa, da ita ta nufi matan da ba su taɓa zama gaban malami ba.

A shekarar 1831 ta fassara waƙar mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa, wadda aka sani da *Tabbat Haƙiƙa*, ƙanenta Isa kuma ya yi mata tahamisi. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 a cikin gajeruwar waƙa mai sauƙin haddacewa, da farko da Fulatanci, daga baya da Hausa da Larabci. Ta rubuta *Goɗaben Gaskiya* da Hausa a kan shika-shikan addini da kyawawan ɗabi'u da sakamakon lahira. A 1839 ta rubuta *Tabshirul Ikhwani* da Larabci, inda ta tattaro hadisai a kan falalar surori wajen neman waraka da kariya. Haka kuma ta waƙe tarihin hijirar Shehu da yaƙe-yaƙensa da Fulatanci, wanda Isa ya mayar Hausa da sunan *Waƙar Gewaye*.

Idan aka dubi waɗannan ayyuka da idon malamin makaranta za a ga cewa kayan koyarwa ne aka shirya mataki-mataki. Mai koyo yakan fara da abin da za a haddace, ya wuce zuwa hukunce-hukuncen ibada, sa'annan ya kai ga tarihi da gyaran zuciya. An zaɓi waƙa ne domin kari da amsa-amo suna taimaka wa ƙwaƙwalwa, kuma mace tana iya maimaita ta tana daka ko tana kaɗi, ba tare da ta buƙaci takarda ko fitila ba.

5.0 Tsarin 'Yan Taru

Bayan kafuwar daula an fuskanci wata matsala babba. Yaƙe-yaƙe irin su na Gawakuke a 1836 sun kawo mutane da yawa cikin daular, musamman mata, waɗanda ba su da ilimin addini, kuma da yawansu sun saba da bori a matsayin hanyar neman lafiya da sauƙin damuwa. Ga kuma matan ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno, waɗanda hidimar aure da reno ba ta barinsu su yi tafiya neman karatu. Waɗannan mata su ne masu tarbiyyar 'ya'yan da za su gaji daular. Idan aka bar su a baya, gyaran da aka yi jihadi dominsa ba zai wuce zamanin waɗanda suka yi shi ba.

Mafitar da Asma'u ta samo, a wajajen ƙarshen shekarun 1830, ita ce tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Daga kowane ƙauye ana zaɓen mace dattijuwa wadda aka shaida ta da hankali da riƙon amana, a ba ta muƙamin Jaji. A Hausa kalmar jaji tana nufin mai jan gaban ayari. Jaji takan taso da ayarinta a ƙafa zuwa gidan Asma'u, kuma ayarin ya ƙunshi 'yan mata da ba su kai aure ba da matan da suka wuce shekarun haihuwa, domin su ne suke da sukunin tafiya. Sukan zauna su koyi waƙoƙin tare da bayaninsu, su gabatar da matsalolin matan garinsu a ba su amsa, sa'annan su koma gida. A can sai su bi gida-gida suna koya wa matan aure abin da suka koyo. Sukan zo da sadaka ta hatsi ko zuma ko tufafi, Asma'u kuma ta raba wa mabuƙata.

Asma'u da kanta take naɗa Jaji. Takan ɗora mata malfa, ta naɗe ta da jan ƙyalle. Masu bincike sun nuna hikimar da ke cikin wannan. A ƙasar Gobir an san Inna, shugabar mata kuma uwar 'yan bori, da irin wannan shiga. Matan karkara sun riga sun san cewa mai sanye da ita shugaba ce da ake saurare. Asma'u ba ta yaƙi alamar ba, sai ta ɗauke ta ta ɗora a kan malama. Da haka ta fara daga abin da masu koyo suka sani ta kai su ga abin da ba su sani ba, wanda shi ne ƙa'ida ta farko da ake koya wa kowane ɗalibin kwalejin ilimi.

Darussan ba su tsaya ga salla da azumi kaɗai ba. An hori 'Yan Taru da duba marasa lafiya, da taimakon masu haihuwa, da wankan gawar mata, da sulhu tsakanin maƙwabta, da kula da marayu. Saboda haka matar ƙauye tana ganin darasin a aikace a jikin Jajinta kafin ta ji shi a baki.

6.0 Mata Abin Koyi a Waƙoƙinta

Asma'u ta fahimci cewa umarni da hani kaɗai ba sa gyara hali, sai an nuna wa mutum wanda ya aikata abin da ake kiransa gare shi. A tsakiyar shekarun 1830 Muhammadu Bello ya rubuta *Kitabun Nasiha* da Larabci a kan mata salihai, ya dogara da littafin Ibnul Jauzi mai suna *Sifatus Safwa*. Asma'u ta mayar da saƙon littafin waƙa da Fulatanci, sa'annan da Hausa a 1837 da sunan *Tawassuli ga Mata Masu Albarka*. Ta fara da matan Manzon Allah (SAW) da 'ya'yansa, ta biyo da sufaye irin su Rabi'atul Adawiyya ta Basra da Nana Nafisa ta Masar. Daga nan sai ta gangaro gida, ta ambaci matan jama'ar Shehu waɗanda masu sauraro suka sani ko suka ji labarinsu, kamar A'isha da Hauwa'u da suka rene ta, da Joɗa Kawuri malamar Alƙur'ani, da 'Yar Hindu wadda aka sani da sasanta masu husuma. Jera su a sahu ɗaya da manyan matan tarihi ya nuna wa matar ƙauye cewa wannan daraja abu ne da ake iya kaiwa gare shi, kuma an kai a ƙasarta.

Marsiyyoyinta ma sun bi wannan hanya. Ta yi wa manya irin su baffanta Abdullahi da yayanta Bello, wanda ya rasu a 1837. A waƙar da ta yi a kan halayen Bello ta fi mayar da hankali ga iliminsa da adalcinsa da gudun duniyarsa fiye da jaruntarsa a fagen fama. Amma ta yi wa talakawa ma. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yaba kirkinta da kyautata zumuncinta. Ta yi wa Zaharatu, wadda take taimakon masu naƙuda da suturta mamata. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin Jajojinta, wadda ta daɗe tana jagorantar mata zuwa wurinta. Waɗannan mata ba su da sarauta ko dukiya, kuma ba don waƙoƙin Asma'u ba da tarihi bai san da su ba. Kowace marsiyya darasi ce, domin tana lissafa halayen da ake so mai sauraro ya ɗauka, a jikin mutumin da ya sani.

7.0 Rasuwarta da Waɗanda Suka Gaje Ta

Nana Asma'u ta ci gaba da rubutu da koyarwa har ƙarshen rayuwarta. Ta rasu a shekarar 1864 tana da shekara 70 da ɗoriya, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta a Sakkwato. Ƙanwarta Maryam ce ta gaje ta a jagorancin 'Yan Taru. Maryam ta taɓa zama a Kano, domin ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo (1819–1846), bayan rasuwarsa ta koma gida. Tsarin ya rayu bayan su duka biyu, ya ƙetare zuwan Turawa Sakkwato a 1903, har masu bincike suka tarar da Jajoji suna aiki a ƙarni na 20. Wannan ɗorewa ita ce babbar shaida a kan ingancin tsarin, domin bai dogara da ran mutum ɗaya ba. Kowace ɗaliba an shirya ta ne ta zama malama.

8.0 Binciken Masana

Mafi yawan abin da aka sani a yau game da Asma'u ya fito ne daga takardun da zuriyarta suka adana, musamman Wazirin Sakkwato Junaidu (1906–1997), wanda ɗan jikanta ne ta wajen ɗanta Ahmadu. Shi ne ya buɗe wa Jean Boyd, wata malama 'yar Ingila da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, taskar littattafansa. Boyd ta wallafa tarihin Asma'u a 1989. Daga baya ta haɗa gwiwa da Beverly Mack 'yar Amurka, wadda ta yi nazarin waƙoƙin matan Hausawa a Kano, suka fitar da kundin ayyukan Asma'u tare da fassara a 1997. Sun sake wallafa littafi a kanta a 2000, da wani a 2013 wanda ya bi sawun 'Yan Taru har zuwa birnin Pittsburgh na Amurka, inda wasu mata Musulmi suka kafa ƙungiya da wannan suna.

Idan aka kwatanta aikinta da abin da aka sani a fagen ilimin koyarwa za a ga abubuwa biyu. Na farko, a zamaninta ne Andrew Bell da Joseph Lancaster suka yaɗa a Ingila tsarin da malami yake koya wa manyan ɗalibai su kuma su koya wa ƙanana. Tsarin ya yi kama da na 'Yan Taru wajen ninka amfanin malami ɗaya. Bambancin shi ne mataimakan Bell da Lancaster yara ne a cikin ɗaki guda, Jajoji kuwa dattijai ne da aka zaɓa saboda halinsu, kuma su ne suke kai makarantar inda ɗalibai suke. Na biyu, masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya bayyana a littafinsa na 1977 cewa mutum yana koyon ɗabi'a ta hanyar kallon wani, kuma wannan koyo yana bin matakai huɗu: lura, da riƙewa, da gwadawa, da samun abin da zai ƙarfafa gwiwa. Bincikensa ya kuma nuna cewa mai koyo ya fi yarda zai iya abu idan ya ga mai kama da shi ya iya. Asma'u ba ta rubuta ra'i a kan koyarwa ba, amma ana iya ganin matakan nan a aikinta. Malfar Jaji tana jawo lura, waƙa tana taimaka wa riƙewa, hidimar unguwa fagen gwadawa ce, yabon da ke cikin marsiyya da alkawarin lada kuma suna ƙarfafa gwiwa. Tushen da ta dogara da shi kuwa yana cikin al'adar malaman Musulunci, domin Imam Gazali ya daɗe da lissafa aiki da ilimi a cikin wajibai na malami, kada aikinsa ya ƙaryata maganarsa.

9.0 Kammalawa

Matsalar da Asma'u ta fuskanta ba ta gushe ba. Ɗalibin da ya gama kwalejin ilimi aka tura shi wani ƙauye a ƙasar Gaya ko Ajingi zai iya tarar da 'yan mata da aka cire daga makaranta, da iyaye mata da ba su sami damar karatu ba, da ƙarancin littattafai. Tarihinta ya nuna cewa ana iya yin aiki a cikin irin wannan hali, idan malami ya yi magana da harshen da ake ji, ya fara daga abin da jama'a suka sani, ya nemo mutanen kirki na cikin garin ya sa su gaba, ya kuma shirya ɗalibinsa domin ya koyar da wani. Yarinyar da ta ga matar unguwarsu tana karatu tana koyarwa ta fi saurin yarda cewa ita ma za ta iya, fiye da wadda aka ba labarin wata ta nesa. Shi kansa malamin kuma ya sani cewa tun kafin ya buɗe littafi ɗalibansa sun fara karanta halinsa.

Tambayoyi

1. Kawo taƙaitaccen tarihin Nana Asma'u daga haihuwarta zuwa aurenta.
2. Yi bayanin tsarin 'Yan Taru tare da nuna aikin Jaji a cikinsa.
3. Me ya sa Asma'u ta yi wa talakawan mata marsiyya? Kawo misalai biyu.
4. Kwatanta tsarin 'Yan Taru da matakai huɗu na Bandura.
5. Ta yaya malamin firamare a karkara zai amfana da wannan tsari a yau?